Awon Ƙafar Surukina

Sana'ata sayar da babura, sababbi da na hannu. Da faci na fara a bakin titi wajen Ƙofar Guga, lokacin da na baro ƙauyenmu na shigo birni. Daga faci na koyi kwance inji, daga nan na shiga dillanci, har Allah Ya ba ni shagon kaina. Idan aka turo mini babur, kafin mai shi ya gama gaisuwa na riga na san ciwon da ke jikinsa da inda zai tsaya a ciniki. Babur ɗaya ne ya taɓa shigowa hannuna ya sa ni zufa, shi ne na surukina.

Ƙanen matata ne ya kawo shi a bayan a-kori-kura, wata safiya bayan an ɗauke ruwa. Ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai son a yi komai a kan tsari, kuma tun yana ɗan makaranta muke tsokanar juna da shi. Ya sa aka sauke babur ɗin a ƙofar shago, ya karkaɗe hannuwansa.

"Alhaji, ga kaya na kawo maka. A sayar."

Na dubi babur ɗin. Ja ne mai bututun hayaƙi biyu, wato salansa, irin wanda ma'aikata suka hau a da, tankinsa ya koɗe har ya koma kalar goro.

"Wannan ai na Baba ne."

"Nasa ne. Mun zauna mun yanke shawara."

"Ku da wa?"

"Mu 'ya'yansa mana."

"Shi fa, yana wurin zaman?"

"Shi ne fa ya faɗi, Alhaji. Sai mu tambaye shi ko yana son ƙari?"

Na san labarin faɗuwar. Baba tsohon malamin gona ne. Da babur ɗin nan ya zaga ƙauyuka yana aiki, da ya yi ritaya kuma ya ci gaba da hawansa zuwa wani lambu da yake da shi a bayan ganuwa, inda yake noman albasa da latas. Kullum da safe zai fito da shi daga zaure, ya taka kiki, unguwa ta ji tashinsa. Ran nan ya taka, kikin ya dawo ya doke shi a ƙafar da dama gwiwarta ta daɗe tana ciwo, babur ya kwanta da shi a ƙofar gida. Bai karye ba, amma ya yi jinya. Kafin ya miƙe 'ya'yansa sun ɗauke makulli.

Ba za a ce ba su yi masa tanadi ba. Sun samo ɗan acaɓa da zai riƙa kai shi lambu yana ɗauko shi. Baba ya bi shi kwana biyu, sai ya ce shi ba buhun masara ba ne da za a riƙa ɗorawa ana saukewa. Daga nan ya zauna a zaure. Matata kan je ta dawo ta ce tuwon da aka kai masa ya fito kusan yadda ya shiga, rediyonsa ma ya daina kunnawa. Ga lokacin dashen albasa yana matsowa, kuma ƙanen nata ya gaya mini a fili cewa idan lokacin ya zo Baba bai koma ba, za su ba da lambun haya. Na san tsofaffin da aka raba da gonarsu a irin waɗannan shekaru, na kuma ga yadda suke ƙarewa a kan tabarma.

Na zaga babur ɗin, na taɓa nan, na girgiza can. A kasuwa ba zai yi abin kirki ba, sai dai 'yan gwangwan su farfasa shi. Amma ƙarfen jikinsa na da ne, mai nauyi, babu inda ya tsage.

Na ce, "Matsalar Baba biyu ce, kiki da tsawo. Idan na sa babur ɗin nan ya riƙa tashi da maɓalli, na kuma rage shi har Baba ya zauna ƙafafunsa biyu su taka ƙasa sosai, za ka ba shi makullinsa?"

"Kai dai dillali ne. Na kawo maka kaya ka sayar, kana neman ka sayar mini da magana."

"Ka ba ni zuwa dashe. In bai yi ba, ni da kaina zan kira 'yan gwangwan."

Ya juya makullin a yatsa. Son mahaifinsa yake yi, shi ya sa yake tsoro, wannan na sani.

"Ƙafa biyu," in ji shi. "Ban da ɗage. Kuma makulli yana wurina."

Na ce ya riƙe abinsa. Wanda ya yi shekaru yana kwance babura, rashin makulli ba ya hana shi tayar da inji.

Ban bar babur ɗin a shago ba, don kada wani ya zo ya taya, halin sana'a ya motsa mini. Gida na kai shi. Na fitar da mota daga gareji na bar ta a waje rana tana dukanta. Rabona da riƙe sifana da niyyar aiki an daɗe, yanzu da baki nake nuni wasu su yi, amma wannan ban yarda kowa ya taɓa ba. Kullum bayan la'asar sai in dawo, in tuɓe babbar riga, in zauna a kan wani mataccen batirin mota in fara.

Da na buɗe shi na ga tarihin Baba gaba ɗaya. Duk abin da ya lalace a hanya, a hanya ya gyara shi, kuma bai sake komawa kansa ba. Wayoyin wuta an ƙulla su an naɗe da leda. Murfin kafireto da zaren buhu aka ɗaure shi. Inda noti ya faɗi an cusa ƙusa an lanƙwasa. Fistin da ringi sun cinye, baƙin mai ya yi kauri kamar kunu. Na zauna ina dariya ni kaɗai, domin duk da haka babur ɗin nan tafiya yake yi har ranar da ya kayar da mai shi.

Matata ta nemi babban farantinta ta rasa, ta zo ta same shi a gareji cike da notuna jiƙe cikin fetur.

"Alhaji, farantin da nake kai wa baƙi abinci?"

"Babur ɗin Babanku ma baƙo ne a gidan nan."

"To Allah Ya sa baƙon ya san hanyar komawa gida."

Ta fita tana mita, jim kaɗan sai ga ta da shayi da wani tsohon kwano, ta ɗauke farantinta da yatsu biyu.

Maganar tashi da maɓalli ita ce babba. Irin wannan babur yana da ƙane da aka ƙera daga baya, wanda ya zo da sitata, kuma kayansu suna shiga na juna. Na baza magana wurin abokan sana'a da masu tsofaffin kaya a bayan Babbar Kasuwa. Sun sha dariyata, wai Alhaji ya bar sababbi a kwali ya koma bin gawa. A ƙarshe wani mai kawo gero kasuwa ya ce akwai irinsa a garinsu, jingine a bayan rumbu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Na je da kaina. Mai shi ya ga mutum ya zo da mota daga birni don wannan tarkace, sai ya fara ba ni labarin yadda yake ƙaunarsa. Na bar shi ya gama, na yi sallama kamar zan tafi, ya biyo ni har bakin mota. Da injin na dawo.

Na haɗa biyu na fitar da ɗaya. Na sa babban batir, na sake wayoyi gaba ɗaya, na canza ƙwan fitila, na cire kikin na jefa shi kan tarkace don kada ma ya ja hankalin Baba. Ranar da na fara danna maɓallin, sai da ya yi tari ya cika garejin da hayaƙi har shanyar matata ta samu rabonta. Daga nan ya daidaita, salansa biyu suna amsa wa juna a hankali. Matata ta leƙo daga tsakar gida, ta tsaya da ludayi a hannu.

"Wallahi kamar Baba zai fita lambu," in ji ta.

Hannuna ya yi ƙaiƙayin in fesa masa sabon fenti kamar yadda nake yi wa na sayarwa, ita ce ta hana ni. Ta ce kowane ƙarzane a tankin nan Baba ya san inda ya samo shi. Sai na goge shi kawai har ya yi sheƙi. Amma don kada a ce ban ƙara komai nawa ba, na sa mai walda ya ƙera mini akwatin ƙarfe a baya, dogo, mai murfi da kwaɗo, na zuba kayan lambu. Na yi alfahari da akwatin nan ƙwarai.

Saura tsawo, kuma a nan aikin ya tsaya. Ba ka rage wa mutum babur sai ka san tsawon ƙafarsa. In mai saye ne a shago sai in ce, hau mu gani. Amma Baba surukina ne, kuma gidansu tsohon gidan cikin birni ne da bai saki al'ada ba. Tun ranar da ya ba ni 'yarsa, ina ɗan ƙauye mai faci, ban taɓa tsayawa a tsaye a gabansa ba. In na je gaisuwa tun daga waje nake cire takalmi, in durƙusa, idona a ƙasa. Ban taɓa cin abinci a inda yake ba. Shi ma bai taɓa dubana ya yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ya amsa gaisuwa yana kallon carbinsa. Matasan yanzu suna shan shayi da surukansu har da tafawa. Ban ce sun yi laifi ba, mu dai ba haka muka taso ba. To wane ni in tunkari Baba da tef a hannu in ce a buɗe ƙafa?

Matata ba za ta iya ba, ita ce 'yar fari, shi ma kunyarta yake ji, ko sunanta ba ya kamawa. Na nemi ƙanenta, ya ce shi alƙali ne a shari'ar nan, ba ya taya kowa.

Sai na tuna da tela. Baba yana da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifinsa, tsoho mai rumfar ɗinki a Babbar Kasuwa, shi ke yi masa kaya tun suna samari. Duk inda suka haɗu kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma babu abin da ba sa gaya wa juna. Na same shi a kan keke, tabarau a ƙarshen hanci. Muka gaisa, muka tambayi iyali da gajiya da kasuwa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Tsawon ƙafar bawana kake nema? Yo ai wanga ko barci nike sai in faɗa maka. Ƙafa ce? Guntuwar taɓarya dai."

Ya jawo ragowar shadda, ya yage siririn ƙyalle, ya gwada a tef ba tare da ya yi wani tunani ba, ya datse da almakashi.

"Ga shi, daga cinya har ƙasa. Ka ce mashi ubangidanshi ne ya taimake shi."

Da ƙyallen nan na yi aiki. Na kwance sit, na rage soso, na sa aka yi masa sabuwar riga ta fata. Na tsayar da ƙyallen a gefen babur ya zo daidai. Na aika wa ƙanen matata cewa kaya sun haɗu.

Bayan la'asar muka kai shi ƙofar gidan Baba. Tela ya rufe rumfa ya zo kallo, maƙwabta biyu ma sun fito. Baba ya fito daga zaure a hankali. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon tankin. Ƙanen matata ya sa makulli ya nuna masa maɓalli.

A nan na yi abin da duk wanda ya san sana'a zai yi mini dariya a kai. Ni ne na yi aikin, ni kaɗai ne a wurin zan iya gane inda ya yi da inda bai yi ba. Amma da na ga Baba ya tattare riga zai ɗaga ƙafa, sai kunya ta juya ni na fuskanci bango. Ba na iya kallon surukina yana kokawa da babur. Saboda haka duk abin da ya faru da kunne na gan shi.

Na ji takalmi ya doki ƙarfe, ƙwal. Na ji an sake, ƙwal. Na ji ƙanen matata yana cewa, "Baba, a hankali, bari in riƙe." Na ji nishi, na ji sit ya amsa nauyi. Sai inji ya tashi, lafiya lau, bugu ɗaya. Baba ya ce, ba da kowa ba, "Muryarshi ba ta sake ba." Zuciyata ta yi fari. Daga nan aka ɗauke jak, sai na ji salati, da takun mutane suna rugawa, inji ya mutu. Da na juyo Baba yana shiga zaure, bai waiwayo ba. Makulli ya koma aljihun ƙanen matata.

Na ja tela gefe. "Baba tela, me ya faru?"

"Ƙafar ba ta kai ba. Yatsu kawai ke taɓa ƙasa, kamar kaza a kan ruwa. Ga wannan akwatin gawa da ka ɗora a baya, da ƙyar ya tsallake shi."

"Ai da awonka na yi aiki."

"Awona daidai shike."

"Yaushe ka auna shi?"

Ya ɗaga kai yana tunani. "Lokacin da na yi mashi kayan ɗaurin auren ɗiyarshi."

"Wace 'yar tasa?"

"Wadda ke gidanka mana."

Babban ɗanmu a lokacin ya gama jami'a. Na tsaya ina kallonsa.

"To mi kake so in yi? Bai yarda in sake taɓa shi da tef. Kullum sai ya ce a yi kamar na bara. Ashe uwargidanshi ke naɗe ƙafar wandon ta ɗinke. Mutum ya tsufa ya koma ƙasa bai sanar da telanshi ba, laifina ne?"

Ƙanen matata ya matso, fuskarsa ba wasa. "Alhaji, ka gani da idonka."

"Wallahi ban gani ba."

Dariya ta kusa ƙwace masa, ya danne. "To ni na gani. An gama magana."

"Zuwa dashe muka ce. An fara dashe?"

"Saura kaɗan."

"Kaɗan ɗin nawa ne, ba naka ba."

Ya yi tsaki, ya taya ni ɗora babur a mota.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na cire akwatin, na zauna ina kallon babur, ban san ko nawa zan rage ba. In na rage da ka na sake kuskurewa, ba za a ba ni dama ta uku ba, kuma ban ga Baba zai sake yarda ya hau a gaban mutane ba.

Wata safiya ina gareji daga ni sai singileti, hannuna baƙi ƙirin, na ji sallama. Muryar tela ce. Na ce a shigo. Ya shigo, a bayansa kuma Baba ne da sanda. Tun da na gina gidan nan bai taɓa taka shi ba. Na rasa inda zan sa kaina. Na fizgo riga na zura ta a baibai, na zube na gaishe shi, sannan na sulale na fita na laɓe a bayan ƙofar garejin. Matata ta hango su ta taga, ta shige ɗaki ta rufo.

Tsakanina da su taku biyu ne, ƙofar ma a buɗe take.

"To tsaya sosai, bawana," in ji tela. "Miƙe. Ko miƙewar ke nan?"

"Yi abin da ya kawo ka, ɗan allura. Hannunka sai rawa shike kamar na mai satar kaza."

"Subhanallahi. Ina sauran ƙafar? Wa ka ba aro?"

"Kai ka cinye ta, a yadin da kake rage mani."

Na ji ƙarar almakashi. Sai Baba ya gyara murya.

"Ka ce ma mai aikin, injin ya yi. Ban taɓa jin shi haka ba tun shina sabo."

Tela ya ɗaga murya kamar ina wata unguwa. "Alhaji! Ya ce aikinka na banza ne!"

"Ban ce ba! Ka ji tsoron Allah!"

Na ce daga bayan ƙofa, "Baba tela, a gaya wa Baba na gode."

"Ya ce kai ma haka."

Baba bai kula shi ba, ya ci gaba. "Ka ce mashi akwati ba nawa ba ne. Kwando biyu nike ratayawa, ɗaya nan ɗaya nan, kamar mangala. A yi masu maƙali ƙasa-ƙasa. Ka ce mashi gwiwar dama ba ta lanƙwasuwa sosai, birkin ƙafa ya yi mani sama. Kuma ina kikina?"

Na ce, "Baba tela, a gaya wa Baba kikin ne ya kayar da shi, shi ya sa na cire."

"Ka ce mashi ba ni zan taka ba. In batir ya mutu ina lambu, akwai masu ƙafa a can. Ko so shike in kwana cikin albasa?"

Gaskiyarsa ce, ban yi wannan tunanin ba. Na ce a gaya wa Baba za a mayar.

Da za su fita na sake durƙusawa. Baba ya wuce ta gabana yana sa albarka, idonsa a kan motata da ke shan rana a waje. Tela ya jefo mini sabon ƙyalle a kafaɗa. Na gwada shi da tsohon, bambancinsu ya kai faɗin tafin hannu.

Wannan karon soso kaɗai ba zai isa ba. Na samo gajerun shokazoba na ƙaramin babur masu ƙarfi na sa a baya, na sassauta gaban na saukar da shi kaɗan don kada babur ya ɗaga hanci. Da ya yi ƙasa sai jak ya yi masa tsawo, aka yanke aka sake walda. Salansa biyu suka matso ƙasa, na ɗaga maƙalansu don kada su riƙa gogar tudun titi. Mai walda ya gasa birkin ƙafa ya sauke shi. Na tono kiki daga cikin tarkace na wanke na mayar. Matata da kanta ta je kasuwa ta zaɓo kwanduna biyu. Na hau shi na zaga unguwa, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, mutane suna tambaya ko na rage tsawo ne ko babur ne ya tsuguna.

Da safe muka koma, a daidai lokacin da Baba ya saba fita. Masu lambu sun riga sun fara cirar irin albasa. Ƙanen matata ya shimfiɗa sharaɗi: ƙafa biyu a ƙasa, sannan Baba ya je ƙarshen lungu ya juyo, shi ke nan na yau.

Na gaishe da Baba, na juya na fuskanci bango kamar wancan karo. Sai dai yau na zo da madubin babur a aljihu. Na fito da shi na riƙe a tafin hannu, na karkata shi ƙasa. Ƙafafu kawai na kalla, Allah Ya sani.

Ƙafar dama ta tashi, ta wuce ta kan sit ba ta doki komai ba, ta sauka a ɗaya gefen. Aka ɗauke jak. Takalma biyu suka zauna a ƙasa daram, dunduniya da yatsu, har gwiwar ta ɗan saki. Ƙanen matata ya durƙusa yana leƙawa kamar mai neman allura.

"Sun taka?" in ji tela. "Ko a kawo maka tabarau na?"

"Sun taka."

Inji ya tashi. Na ji giya ta shiga. Na juyo a lokacin da bayan rigar Baba ya cika da iska, kwanduna biyu suna rangaji a gefe. Ya tafi a hankali, tsakiyar lungu, har ƙarshe. Muka tsaya muna jiran ya juyo. Sai ya kunna sigina, ya karya kwana, ya ɓace.

Muka yi tsaye. Ƙarar salansa tana raguwa.

"Zai zago ta baya ne," in ji ƙanen matata.

Tela ya zauna a kan dakali ya cire hula yana dariya har da hawaye. "Zago ina? Ku je ku tarar da shi cikin albasa."

Muka shiga mota ni da ƙanen matata. Duk hanya yana leƙen gefen titi, yana faɗin abin da zai yi mini in wani abu ya faru. Na bar shi ya yi ta yi. Muka fita ta bayan ganuwa, muka bi turbar lambuna. Tun daga nesa na hango jan tanki a ƙarƙashin mangwaro, a kan jak, a tsaye ƙyam. Can ciki Baba ne a bakin kwamin irin albasa, ya naɗe hannun riga, yana nuna wa mai yi masa ban-ruwa wani wuri da sanda, muryarsa har inda muke. Faɗa yake yi, wai an bar iri ya yi tsawo.

Ƙanen matata ya daɗe yana kallonsa. Ya laluba aljihunsa, ya tuna makullin yana jikin babur.

"Mu ƙarasa?" in ji shi.

"Kai dai ka ƙarasa. Ni a ce na biyo surukina a baya?"

Bai ƙarasa ba shi ma. Na sauka na lallaɓa wurin babur ɗin ta bayan itace, na taɓa injin, zafinsa daidai. Na durƙusa na duba ƙarƙashinsa, babu ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa. Na dawo mota, muka juya, na sauke shi a wurin aikinsa ya makara, ni kuma na wuce na buɗe shago.